Yadda Ake Shirya Takardar Talla, Kati da Fosta Kafin a Kai Madaba'a

Tun daga watan azumi saƙonni ke shigo mini, daga nan Garuwa, daga Marwa, har da wata Hajiya mai ɗinki a Kuseri, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: "Malam, na zana tallata a waya, ta yi kyau, amma da aka buga sai ta fito dishi-dishi," ko kuma "an yanke mini lambar waya a gefen kati." Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda nake binsu idan aiki ya zo hannuna.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Injin bugu ba ya gyara komai. Abin da ka miƙa shi yake sakawa a takarda, sau ɗari biyar ko sau dubu biyar. Saboda haka aikin yana farawa ne daga bakin mai madaba'a, kuma yana ƙarewa da samfurin da ka riƙe a hannunka ka karanta. Zane yana tsakiya. Yawancin sababbin shiga da zane suke farawa, a nan kuɗinsu ke zubewa.

1. Je madaba'a tukuna

Kafin ka buɗe kwamfuta ko manhajar zane ta Canva, taka ka je wurin wanda zai buga aikin. Idan yana nesa, kira shi. Ka yi sallama, ka ce, "Maigida, ina so in buga takardar talla, me kuke buƙata daga wurina?" Ka tafi da takarda da biro, ka rubuto amsoshin waɗannan: wane girma injinsu ke ɗauka, wane irin fayil suke karɓa, wace takarda ce suke da ita a ƙasa yanzu, kwana nawa aikin zai ci, kuma a nan za su buga ko aikawa za su yi Yawunde ko Duwala. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci a wurinmu mutanen Arewa. Akwai shaguna da yawa da ke karɓar aiki su tura kudu, sannan kayan su hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare ko su biyo motar haya. Ba laifi ba ne, amma kwanakin hanya a kanka suke.

Ka roƙi su nuna maka aikin da suka riga suka buga. Gani ya kori ji. Duba ko yankan ya miƙe, ko baƙin rubutu ya fito tas, ko fuskar mutum ta fito da launin fatar mutum.

Hattara: kada ka kai aiki ana saura kwana uku buki. Gab da Sallah, lokacin komawa makaranta a Satumba, makon 11 ga Fabrairu da na 20 ga Mayu, da ƙarshen shekara lokacin kalanda, madaba'u a cike suke. Ƙara da ɗaukewar wuta a watannin zafi. Ni mako biyu nake ba aikin da za a buga a gari, mako uku idan zai fito daga kudu.

2. Tsayar da girma da adadi

Mu a nan ma'aunin A muke bi. A4 milimita 210 ne da 297, wato takardar fotokwafi. Rabinta A5, 148 da 210, ita ce aka fi yin takardar talla da ita. Rabin wannan A6, 105 da 148, mai shiga aljihu. Fosta ƙarama A3 ce, 297 da 420, babba A2, 420 da 594. Katin kasuwanci kuwa 85 da 55.

Ka tsaya a kan waɗannan. A4 ɗaya tana ba da A5 biyu ko A6 huɗu ba tare da an zubar da ko ƙyalle ba. Idan ka ƙirƙiro girma naka na daban, ragowar takardar da za a yanke a zubar kai za ka biya.

Hattara: samfuran zane da yawa na intanet an yi su ne da ma'aunin Amurka. Takardarsu 216 ce da 279, katinsu kusan 89 da 51. Idan ka ɗauko irinsu, sai an matse ko an ja zanen kafin ya zauna a takardarmu, tambarinka mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Ka rubuta girman da hannunka, da milimita, tun a shafin farko.

Adadi shi ke zaɓa maka inji. Akwai bugun dijital, wanda yake kamar babbar firinta, akwai kuma bugun ofset, wanda sai an yi faranti huɗu, ɗaya ga kowane launi, an ɗaura a inji an daidaita kafin takarda ta farko mai kyau ta fito. Bari in yi maka lissafin misali, kai kuma ka sauya alƙaluman da na madaba'arka. A ce dijital sefa 100 ne kowane kwafi, ofset kuma faranti da ɗauri sefa 40,000, sannan sefa 10 kowane kwafi. Kwafi 200 a dijital 20,000 ne, a ofset 42,000. Kwafi 2,000 a dijital 200,000 ne, a ofset 60,000. Ka ga inda ma'auni ya juya. Shi ya sa nake cewa ka nemi farashin adadi uku a lokaci guda, misali 250, 500 da 1,000, don ka ga wurin da ya fi maka sauƙi.

Amma kada arahar dubu biyu ta ja ka idan akwai farashin kaya ko ranar buki a jikin takardar. Farashi na canzawa, takardun su zama na ƙunshin ƙosai.

3. Rubuta maganar, a karanta ta, kafin zane

Buɗe wurin rubutu kawai, ba launi ba hoto. Rubuta sunan sana'a, abin da kake sayarwa cikin jimla ɗaya, inda kake, da lambar waya. Mutumin da ke kan babur ko matar da ke tsallaka kasuwa ba za su karanta jerin kaya ashirin ba. Zaɓi uku da suka fi kawo ciniki.

Wurin kwatance, yi shi yadda muke yi da baki: unguwa, da abin da kowa ya sani kusa da kai, masallaci ko gidan mai ko tasha. Lambar wayar Kamaru tana da alƙaluma 9, ta hannu tana farawa da 6, ta Chadi tana da 8. Ƙirga su da yatsa. Idan kana da masu saye daga Mubi, Yola ko Injamena, sa +237 a gaba, ɗan Chadi kuma +235. Idan kana karɓar kuɗi ta Orange Money ko MTN Mobile Money, nuna wace lamba ce ta kira wace ce ta biya. Farashi kuma a rubuta shi da cikakken adadi da FCFA a gefe, domin a baki wani da dala yake lissafi, wani da jaka.

Batun harshe yana buƙatar natsuwa. A garuruwanmu takarda ɗaya tana iya ɗaukar Faransanci, Hausa da Fulatanci, a Chadi kuma da Larabci. Kowane harshe a ba wanda ya iya rubuta shi ya duba, ba wanda ya iya jin sa kawai ba. Faransanci yana da alamomin kan harafi, é da è da ç, kuma ɗan boko yana ganin kuskurensu daga nesa.

Hattara: takardar da za a raba a kasuwa ƙasa za ta ƙare, a taka ta. Kada ka sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah da Larabci a jikinta. Idan kana son albarkar basmala, bar ta ga kalanda ko allon da za a rataye a bango.

4. Hotuna da tambari

A nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe.

Gilashin waya ƙarami ne, yana ɓoye aibin hoto. Takarda ba ta ɓoyewa. Abin da madaba'a ke nema ga duk abin da za a riƙe a hannu shi ne ɗigo 300 a kowane inci, abin da za ka ji suna cewa 300 dpi. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa. Buɗe bayanan hoton, za ka ga lambobi biyu, misali 4000 da 3000. Waɗannan fiksel ne, wato ɗigogin da suka haɗa hoton. Raba kowace da 118, abin da ya fito shi ne santimitan da hoton zai iya cikawa da kyau. 4000 ya ba da kusan santimita 34, 3000 ya ba da 25, wato ya ishi A4 har da saura. Hoto mai 1200 kuwa santimita 10 kawai zai iya. Mai 600, santimita 5, girman akwatin ashana. Cikakken shafin A5 yana son 1748 da 2480, A4 kuma 2480 da 3508.

Wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar hoton da ya isa. Matsalar hanya ce da hoton ke bi. WhatsApp da Facebook suna matse hoto su rage masa nauyi. Hoton da ya bi ta hannun mutum uku a WhatsApp ya riga ya mutu. Haka hoton da aka ɗauka daga fuskar waya. Ka nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, a turo shi a matsayin Document, ko ta imel, ko a filash.

Hattara: buɗe ƙaramin hoto a Photoshop ka rubuta 300 a gurbin dpi ba ya ƙara masa komai. Kamar ƙara ruwa ne a kunu, yawa ya ƙaru, kauri ya tafi.

Idan kai za ka ɗauki hoton kayanka, fito da su inuwa da hantsi ko bayan la'asar, ka shimfiɗa farin ƙyalle a baya, ka goge idon kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa komai. Hoton atamfarka ko kilishinka na gaske ya fi wanda aka kwaso a Google, wanda ma yana da mai shi. Idan kuma fuskar wani za ta fito, ko yaron shagonka ne, nemi izininsa.

Tambari daban yake. Wanda ya zana maka shi ya ba ka fayil ɗin da ake kira bekta, wato mai ƙarewa da AI, EPS, SVG, CDR ko PDF. Irin wannan ana iya buɗa shi daga girman kati zuwa girman bango bai fashe ba. Idan hoton tambarin kawai gare ka, biya a sake zana shi sau ɗaya, ka huta.

Babban tamfol na talla, wanda ake kira bâche, ba ya buƙatar 300. Daga nesa ake kallonsa, 100 zuwa 150 a ainihin girmansa ya wadatar.

5. Buɗe shafi da rarar yanka

Madaba'a tana buga aikinka a babbar takarda, ta tara ɗaruruwa, ta sa wuƙar inji ta yanke. Wuƙar nan tana iya gocewa da milimita ɗaya ko biyu. Idan launin bayan zanenka ya tsaya daidai bakin layi, gocewar za ta bar farin zare a gefe. Maganinsa shi ne ka bar launin ya zarce iyaka da milimita 3 ta kowane ɓangare. Wannan rarar ita masu madaba'a ke kira fond perdu. Ke nan A5 za ka buɗe ta 154 da 216, A4 216 da 303, kati 91 da 61.

Ta ciki kuma akwai iyakar tsira. Duk rubutu, lamba da tambari su ja baya daga layin yanka da aƙalla milimita 4 ko 5. A tamfol a bar santimita 5 ko fiye, saboda kalmasa da zobban ɗauri.

Hattara: kada ka zana siririn layi ya kewaye kati kusa da baki. Gocewar milimita ɗaya tana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kowa kuma zai gani.

Idan takarda mai ninki uku ce a A4, ɓangarorin ba daidai suke ba. Wanda ke shigewa ciki ya ragu kaɗan: milimita 100, 100 da 97. Ɗauki farar takarda ka ninka da hannu, ka rubuta 1 zuwa 6 a fuskokin, ka buɗe ka ga inda kowace lamba ta faɗa. Ɗan littafi mai maƙalli a tsakiya kuwa, shafukansa sai sun rabu da huɗu: 8, 12, 16.

6. Launi

Waya da kwamfuta da haske suke yin launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Inji da tawada huɗu yake yi: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ne CMYK, a Faransanci CMJN. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa. Kore mai walƙiya, shuɗi mai ƙuna, ruwan lemo mai ƙyalli, duk suna dusashewa a takarda. Shuɗi ma yakan karkata zuwa shunayya. Idan kana aiki da CorelDRAW, Illustrator ko Photoshop, sa shafin a CMYK tun farko, don abin da kake gani ya kusanci abin da zai fito. A Canva, zaɓin CMYK yana wurin saukewa, ga masu biyan kuɗi. Idan na kyauta kake amfani da shi, gaya wa madaba'a su juya maka, ka ga sakamakon kafin a buga.

Rage hasken fuskar kwamfutarka zuwa rabi lokacin da kake duba hoto. Bugu kusan kullum ya fi abin da ke gilashi duhu, kuma fuskar baƙin mutum ita ke fara shan wahala. Ɗan ƙara wa hoton haske kafin ka saka shi.

Baƙi iri biyu ne. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla, K 100, sauran ukun sifili. Idan aka haɗa shi da launi huɗu, faranti ɗaya ya goce kaɗan, sai haruffa su fito da inuwa ja ko shuɗiya. Babban fili baƙi kuwa, K 100 kaɗai yakan fito kamar toka, sai a tallafa masa, misali C 40, M 30, Y 30, K 100. Kada ka cika duka huɗun zuwa 100. Takarda za ta jiƙe, ta ƙi bushewa, ta shafi bayan 'yar'uwarta.

7. Haruffa

Samfurin haruffa biyu sun isa: ɗaya na kanu, ɗaya na bayani. A takardar talla kada rubutu ya gaza maki 9 a ma'aunin girman harafi na manhaja, a kati kada ya gaza 7, kuma ka tuna dattawan da za su karanta ba tabarau. Farin rubutu siriri a kan launi mai duhu yakan cushe, ka ba shi kauri. A tamfol ni nakan ba kowane mita ɗaya na nisan mai kallo kimanin santimita ɗaya na tsayin harafi. Wanda za a karanta daga tsallaken titi, mita 15, lambar wayarsa ta kai santimita 15.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Hausa na da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Fulatanci na da ɓ, ɗ, ƴ da ŋ. Samfuran haruffa da yawa masu ado ba su da su. Sai ka rubuta "ƙosai" ka ga akwati a gurbin ƙ, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Gwada waɗannan haruffan, manya da ƙanana, kafin ka zaɓi samfuri. Noto Sans, Andika da Charis SIL suna da su duka, kuma kyauta ne. Kada ka ce a bar lanƙwasar kawai. Kafa daban, ƙafa daban.

Larabci da ajami daga dama suke tafiya, haruffansu a haɗe. Wasu manhajojin zane suna tsinka su, su jera su ta baya. Wanda bai iya karatun ba zai ga ado ne kawai. Kai wa malami ya karanta daga bugun gwaji.

Da ka gama, mayar da rubutun duka zuwa zane, abin da ake kira vectoriser. A CorelDRAW, zaɓi komai ka danna Ctrl da Q. A Illustrator, Ctrl da Shift da O. Daga nan ko kwamfutar madaba'a ba ta da samfurinka, ba abin da zai motsa.

Hattara: bayan wannan ba a iya gyara rubutu. Ajiye kwafi biyu, ɗaya mai gyaruwa naka, ɗaya na madaba'a.

8. Fitar da fayil

PDF za ka kai. Idan manhajarka ta ba ka zaɓi, ɗauki PDF/X-1a ko PDF/X-4, ka kunna rarar yanka da alamomin yanka. A Canva zaɓi PDF na bugu, ka sa alama a gurbin rarar. Fayil ɗin Word ko PowerPoint yana sauya tsari daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kada ka miƙa shi haka. Gaba da baya su zama shafi biyu a fayil ɗaya. Sa masa suna mai ma'ana: sunan shago, girma, adadi da kwanan wata.

Buɗe PDF ɗin ka zuƙo shi zuwa 300 cikin ɗari, ka bi kusurwa-kusurwa. Sannan ka je shagon fotokwafi ka buga shi a ainihin girmansa, ko baƙi da fari ne, ka yanke da almakashi ka riƙe. A nan za ka san ko rubutun ya yi ƙanƙanta. Idan ka sa lambar QR, kada ta gaza santimita 2 da 2, a bar mata farin fili kewaye, a gwada ta da waya biyu daga takardar.

9. Takarda da gamawa

Nauyin takarda da giram ake faɗa. Ta fotokwafi 80 ce. Takardar talla 115 zuwa 135, mai ninki ko fosta 150 zuwa 170, kati 300 zuwa 350. Mai santsi da ake kira couché iri biyu ce, mai sheƙi da marar sheƙi. Mai sheƙi tana fito da hoton abinci da atamfa. Marar sheƙi ta fi daɗin karatu a rana. Taɓa su da hannunka kafin ka zaɓa.

Rufin leda a kan kati yana kare shi daga gumi da datti, kuma a zafin Garuwa na Maris da Afrilu kati a aljihu yana shan gumi. Sai dai biro ba ya kama leda. Idan kana rubuta wa mai ɗinki ranar karɓa ko awo a bayan kati, ce a rufe gaba kawai. Takarda mai kauri daga 170 zuwa sama, a yi mata tsagin ninki kafin a ninka, in ba haka ba launi zai tsage a gaɓar.

Tamfol da murabba'in mita ake sayar da shi. Tambayi kaurinsa, ka ce a kalmashe baki, a sa zobe kowane rabin mita, saboda iskar farkon damina.

10. Farashi a rubuce

Nemi devis, wato ƙiyasin farashi, a takarda ko a saƙo, mai ɗauke da girma, adadi, nauyin takarda, fuska ɗaya ko biyu, rufin leda, yanka, ninki, kuɗin mota idan daga kudu ne, da ranar karɓa. Tambayi ko harajin TVA yana ciki. A Kamaru 19.25 ne cikin ɗari, wato aikin 100,000 zai koma 119,250. Tambayi kuma ko gyaran fayil da kuɗinsa. Kwatanta madaba'a biyu ko uku a kan abu iri ɗaya, domin mai araha sau da yawa takarda ce ya rage wa nauyi. Ba da kafin alƙalami, galibi rabi, ka karɓi rasit, cikon sai ka ga kaya.

11. Samfurin gwaji

Wannan shi ne matakin da ba na yafewa. Kafin inji ya tashi, madaba'a za ta nuna maka samfuri ka amince, shi ne BAT, bon à tirer. Da ka sa hannu, ko ka rubuta "to, a buga" a WhatsApp, duk kuskuren da ke ciki ya zama naka.

Na taɓa raka wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta karɓar sitika dubu biyu na kwalabenta. An tura mata samfuri a waya tana tsakiyar hidimar biki, ta duba launi ya yi, ta amsa. Alƙaluma biyu na lambarta sun sauya wuri. Ta zauna a bencin shagon ta yi shiru, domin jarin wata guda ne. Har yau ina jin zafin abin, kuma minti biyar ne da sun hana shi.

Saboda haka nemi samfuri a takarda, ko da za ka biya kuɗinsa. Zauna. Karanta da ƙarfi, kalma-kalma, da yatsa a kan layi. Ɗauki waya ka buga lambar daga abin da ke jikin takardar, ka ji ta yi ƙara a aljihunka. Duba kwanan wata da kalanda, ranar da adadin su dace. Juya takardar ka ga ko bayan bai kife ba. Fita da ita waje ka ga launin a hasken rana, domin fitilar shago tana ruɗi. Sannan ba wani wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta, idonka ya riga ya saba, yana karanta abin da ke ranka ne.

Idan an yi gyara, ko na harafi ɗaya ne, a sake nuna maka. Wurin gyara ɗaya ne wani layin ke zamewa.

12. Ranar karɓa

Buɗe ƙunshin a gabansu. Zaro daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, ka kwatanta da samfurin da ka sa wa hannu. Ƙirga ɗauri ɗaya, ka auna sauran da tsayinsa. Ɗan bambancin launi abu ne da aka saba. Yanka a karkace, tabon tawada ko takardar da ba ita aka yi ciniki ba, a yi maganarsu nan take, cikin mutunci, kafin ka cika kuɗi.

A gida, ajiye takardu a kwance cikin leda, nesa da ƙura da danshi. Tamfol naɗe shi ake yi kamar tabarma, ninki yana fasa tawada. Kafin ka kafa allo ko tamfol a bakin titi, leƙa ofishin magajin gari ka ji abin da ake biya, kada a cire maka shi kwana biyu da ɗaurawa. Bangon mutum kuma sai da izinin mai shi.

Cire kwafi biyar ka ajiye, ka rubuta a bayan ɗaya sunan takarda, nauyinta, adadi, farashi da kwanan wata. Fayil mai gyaruwa da PDF ɗin kuma ka tura wa kanka ta imel, domin filash na ɓata, waya na faɗawa ruwa. Ranar da za ka sake bugu, wannan kwafin za ka ɗora wa mai madaba'a a tebur ka ce irin wannan kake so.